Ranar da Na Ba da Ɗiyata a Gidan Abincin 'Yan Caina

An kai ni gidan cin abincin da ban taɓa shiga irinsa ba, na fito da yunwa. A gabana kuma aka yi wa ƙanwata Zulai godiya a kan ɗiyar da ni na yi naƙudarta. Kishi na ji, kishi sosai, ba zan kuma sa masa wani suna ba don a ce ina da hali.

Tun da na dawo daga Abuja matan unguwarmu ta Ƙofar Marusa, nan Katsina, suka hana ni sakat. Duk wadda ta shigo sayen taliya sai ta coge a bakin ƙofa: "Hanne, wai da gaske da tsinke suke ci?" "Hanne, an ce har kwaɗi kika ci." Na gaji da maimaitawa, kuma duk wadda na ba labarin, kafin ta kai bakin lungu ta ƙara masa gishiri. Tunda Allah ya sa na yi ajin yaƙi da jahilci, ko da yake sai da na haura arba'in na riƙe biro, bari in rubuta da hannuna. Mai son ji ta karanta, wadda ba ta iya ba ta je ta koya kamar yadda na je.

Ni taliya nake murzawa, shekara ashirin da wani abu ke nan, da ita na yi wa yara ɗawainiyar makaranta. Ɗiyata ta fari kuwa kun san yadda muke yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a cin kwano ɗaya da shi, ba a nuna shi a ce nawa ne. Haka uwarmu ta yi wa babban wanmu, haka na yi. "Ke" nake ce mata, in ta yi nisa in ce wa ƙannenta, "Kira mini waccan." A nan ma ba zan rubuta sunanta ba sai mun kai inda ya fara fita daga bakina. Da ta gama sakandare ta tafi jami'a a Abuja, ta zauna gidan Zulai. Ta gama, ta sami aiki, ta ci gaba da zama can. Bana ta kawo wanda take so, maza suka gama tasu maganar, sai uwar yaron ta ce tana son ganin dangin yarinya mata. Shi ya tashe ni.

Ranar Juma'a da sassafe na isa tasha da tsarabata: buhun taliya da na murza na shanya musamman, galan ɗin man gyaɗa, yaji, da ƙullin daddawa. Motar ta mutum bakwai ce, aka cusa mu tara. Kusa da ni wata Banufiya ce mai ƙiba, za ta sauka Suleja. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Nufawa. Ba mu fita gari ba ta toshe hanci ta ce, "Direba, akwai Bakatsiniya a motar nan, na ji warin daddawa."

Na ce, "Mi ya kawo ki garin iyayen gidanki in ba ki son ƙamshinsu?"

Shi ke nan muka ɗinke. Ta ba ni ƙuli-ƙulin garinsu, na ce duwatsu ne, na kuma cinye. Wajen Malumfashi ta tambaye ni wurin wa za ni. Na ce wurin ƙanwata. Ta ce ba ni da ɗa a can? Na ce akwai dai wata yarinya a hannunta. Ta ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinyata.

"'Yar fari ce ke nan! Ku Katsinawa kunya ce za ta kai ku kabari. Ki haifi mutum ki ce wata yarinya?"

Ku riƙe wannan. Banufiya ma da jin kalma ɗaya ta gane.

Bayan Funtuwa, daidai inda za a shiga ƙasar Kaduna, aka tsayar da mu a shinge, aka ce kowa ya nuna kayansa. Jami'in ya kwance buhuna ya zaro taliya yana jujjuyawa, ya ce wannan igiyar ta mece ce. Na ce ta ci ce, in yana da manja da yaji a ɗakinsa in ɗibar masa. Ya yi dariya ya mayar. Garin mayarwa aka kwantar da galan ɗina, murfin kuwa bai ɗauru ba. Ba mu sani ba sai a Zariya, da wani malami ya ciro jakarsa zai sauka, ya ga farar rigar da zai je ɗaurin aure da ita ta sha mai har wuya. Na ba shi haƙuri sau uku. A na huɗu na ce, "Malam, man mai kyau ne, ni na sa aka matso shi." Bai yi dariya ba. Banufiya ta yi masa tasa ta yi tata.

A Tafa muka tsaya salla da cin abinci. Taliyar leda suka dafa, ta yi laushi har ta zama kamar fate. Na ci don yunwa, na kuma gaya wa mai abincin gaskiya kafin in tashi.

La'asar sakaliya muka isa Zuba. Ina neman Zulai sai na ga wata mota ta tsaya, mai tuƙin ta fito, ashe ɗiyar ce. Ita ke tuƙi! Ta zo ta durƙusa har ƙasa a cikin tashar nan ta ce, "Inna, sannu da hanya." Na so in ɗago ta da hannuna. Amma sai na kau da kai na ce wa Zulai, "Ya gida, ya maigidan?" Haka aka koya mini.

A mota na zauna baya ina kallonsu. "Mami" take ce wa Zulai. Mami kaza, Mami kin sha maganinki, Mami ɗaura bel. Zulai kuwa ta kira sunanta gatsal, ta miƙa hannu ta gyara mata gyale, har da ja mata kunne don ta taka burki da ƙarfi. Zulai fa, wadda ni na goya, wadda har ta yi aure ba ta iya tuƙa tuwo ba gudaji ba. Nan kishin ya fara.

Gidan nasu ba laifi. Aka ba ni ɗaki ni kaɗai, da katifar da in ka kwanta sai ka nemi mai jawo ka, da na'urar sanyi da na rasa inda ake kashe ta, na kwana cikin zane biyu da hijabi. Da safe na leƙa ta katanga in gaida maƙwabta kamar yadda mutum yake yi, kare ne ya amsa mini. Zulai ta ce shekararsu shida ba ta san sunan matar gidan ba. Tsarabata kuwa aka ce an gode, aka kai sito aka rufe.

Bayan azahar muka tafi Maitama. Unguwa ce da ba ka ganin mutum a ƙasa, sai katanga da itatuwa da masu gadi. Ba mai talla, ba akuya, ba yara. Na ce wa Zulai, "Rasuwa aka yi?" Ta ce haka suke kullum.

Gidan abincin yana da zakuna biyu na dutse a bakin ƙofa, da jajayen fitilu kamar ƙwarya a rataye. Rubutun da ke sama na tsaya in karanta, don ni tun da na iya karatu ba allon da nake wucewa, sai na ga ba irin namu ba ne, kowane harafi kamar an zana ɗan ƙaramin gida. Daga shiga akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye da ƙaguwa suna yawo da ransu. Wai ka nuna wanda kake so a kamo maka. Na ce ni ba na cin wanda muka haɗa ido da shi.

Aka kai mu wani ɗaki namu mu kaɗai. Wata mata mai kula da teburinmu, Rahila, mutuniyar Jos, ta ji ina yi wa Zulai raɗa sai ta ce da Hausa, "Mama, ki kwantar da hankalinki, naman nan duk yankan Musulmi ne, ba a shigo da wancan abin nan gidan." Ta miƙo mini ɗan tawul mai ɗumi a kan faranti. Na ga ɗumi, na goge fuskata da kyau har bayan kunne. Kwallina duk ya koma jikin tawul. Ashe na hannu ne.

Sai ga uwar yaron ta shigo, Hajiya Sa'a. Bahaushiya ce, amma haihuwar Legas, girman Legas, Hausarta ma da wani lanƙwasa. Mace mai fara'a, ba ni da abin da zan ce da ita. Abin da ya fara ɗaure mini kai, ɗiyar ta zauna tebur ɗaya da wadda za ta zama uwar mijinta. A Katsina da ko inuwarta ba za a gani ba. Aka gaisa, aka ƙara gaisawa, sai Hajiya Sa'a ta dube ni ta dubi Zulai ta ce, "To, kun yi kama da yawa. Wace ce mahaifiyar a cikinku?"

Kowace mace a Ƙofar Marusa ta san amsar wannan tambaya. Na nuna Zulai na ce, "Ga uwarta nan."

A gida da an yi murmushi an gane. Wadda ta ce ba ita ba ce, ita ce. Zulai ta buɗe baki ta ce, "A'a, Yaya..." na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur na ce, "Ɗiyarta ce, ni rakiya na zo." Zulai ba ta ƙaryata ni a gaban baƙo, ban yi mata wannan tarbiyya ba. Hajiya Sa'a kuwa ta ɗauki maganar yadda na faɗe ta. Ta juya kujerarta gaba ɗaya wajen Zulai, ta kama hannunta biyu.

"Hajiya, Allah ya saka miki da alheri. Kin haifi ɗiya, kin kuma yi tarbiyya. Tun ranar da na fara ganinta na ce uwar yarinyar nan ba ƙaramar mace ba ce."

Ni kuma ta ce mini, "Sannu Yaya, an sha hanya." Shi ke nan rabona.

Na saci kallon ɗiyar. Ta sunkuyar da kai tana juya ƙaramin kofin da ke gabanta.

Aka fara kawo abinci. Teburin zagayayye ne, a tsakiyarsa akwai wani faifan gilashi babba da yake juyawa. A kansa ake jera komai, kowa ya juyo abin da yake so gabansa ya ɗiba. Wato dai kwano ɗaya ake ci, irin cin da 'yan birni suke ce mana ƙauyanci, sai dai su nasu kwanon yana da ƙafa. Da shayi aka fara, ba madara ba sukari, kamar an jiƙa ganye an manta. Sai wata miya mai yauƙi da masara da ƙwai a ciki. Sai soyayyar shinkafa, da jatan lande manya kamar yatsa, da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na fulawa da nama a ciki, an turara su cikin kwandon gora. Sai agwagwa guda, fatarta tana ƙyalli, wani mai farar hula ya yanka ta a gabanmu siri-siri kamar mai kilishi. Kwaɗi dai ban gani ba, Lantana maƙwabciyata, ki daina yaɗawa.

Ƙamshi ya cika ɗakin, cikina yana kuka. Amma yaya zan yi? Ga ɗiyar fari a tebur, hannunta yana shiga inda nawa zai shiga. Ga suruka. Na ce na ƙoshi, na ci a gida. Zulai ta dube ni, don ta san ko karin kirki ban yi ba.

Ita kuwa ɗiyar sai hidima take da Maminta. Ta zuba mata shayi. Ta ɓare mata jatan lande. Ta kama yatsunta tana gyara mata riƙon tsinkayen nan biyu da suke ci da su, abinci yana zamewa suna dariya, Hajiya Sa'a tana cewa, "Kai, uwa da 'ya kamar ƙawaye, abin sha'awa." Ni ina zaune da tsinkayena a cikin takardarsu. Wallahi da ido yana ƙona mutum da Zulai ta tashi da tabo.

Can sai Rahila ta zuge wani labule. Ashe bangon gilashi ne, ana ganin madafa. Wani ɗan Caina, dattijo, ya ɗauki curin kwaɓaɓɓiyar fulawa ya buga a kan tebur. Ya ja shi ya yi tsawo, ya ninka, ya karkaɗa, ya sake ja. Biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas. Kafin in ƙifta ido taliya ce a hannunsa, siririya, ba inji, ba wuƙa. Ban san lokacin da na miƙe na je jikin gilashin ba. Na ga yadda yake shafa mai, na ga kwaɓin ya sha hutu, don sabon kwaɓi ba ya yarda a ja shi haka. Gwani ne, ba zan hana shi ba. Mutanen da ke waje suka yi ta tafi suna ɗaukarsa a waya. Na ce a raina, shekara ashirin ina wannan aiki har kafaɗata ta kama ciwo, wanda ya taɓa yi mini tafi shi ne mai korar kaji daga shanyata. Shi ma sai na ji ina kishinsa.

Aka kawo taliyar a babban kwano, tana tururi. Ɗiyar ta sa hannu ta juya gilashin a hankali har kwanon ya tsaya daidai gabana. Na sa yatsa na tura shi gaba. Aka ɗan jima ta sake juyo shi. Na sake turawa. A karo na uku ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ko kaɗan." Na ce, "Ba wa uwarki." Kwanon ya tafi gaban Zulai, ya tsaya can.

Da za a tashi Hajiya Sa'a ta ce wa Zulai, "To Hajiya, tunda ga ki a gari, an huta. Lefe nan gidanki za mu kawo, ba sai mun wahalar da mutane zuwa Katsina ba. Duk abin da ake ciki ni da ke ne." Ta karɓi lambar Zulai. Tawa ba wanda ya tambaya.

Muna isa gida ɗiyar ta shige ɗakinta. Bayan magariba na sami Zulai tana ninke sallaya, na rufe ƙofa.

Na ce, "Sannu uwar amarya. An sha godiya."

Ta ce, "Yaya, kada ki fara."

Na ce, "Na fara. Na ba ki riƙo, ban ba ki kyauta ba. Kina zaune ana ce miki kin haifa, ko ki yi tari."

Zulai ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ran nan. Ta ce, "Ƙafata har yanzu zafi take, ke kika taka ta. Ke kika ba da ita, a gaban mutane, sau biyu. Ni mi zan ce? In ce yayata maƙaryaciya ce?"

Na ce, "Kowa ya san abin da ake nufi."

Ta ce, "Kowa a Ƙofar Marusa. Nan Ƙofar Marusa ce? Kuma bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Hajiya Sa'a gidanta ta so a je. Yarinyar nan ce ta nace sai can. Tun bara da aka kai su daga wurin aiki ta ga mutumin nan, ta dawo tana cewa, Mami, sai Innata ta ga wannan, ita kaɗai za ta san abin da yake yi. Sati biyu tana zuwa tana roƙo a ba mu ɗakin da ke kallon madafa. Taliyar nan don ke aka ja ta. Kika ce a ba uwarta."

Na ce, "Ai ta san ina..." sai na kasa ƙarasawa.

Zulai ta ce, "Ta san mi? Kin taɓa gaya mata? Ni Mami ce, ta sani, na sani. In ta yi zazzaɓi ba ni take kira cikin barci ba."

Na buɗe ƙofa na fita. Ni da ake cewa Hanne ba ta ɓoye magana, mai unguwa ma na taɓa gaya masa gaskiya a kan kwata. Ashe akwai kalma ɗaya da shekara ashirin da bakwai ban iya faɗa ba. Uwarmu ta yi haka, amma uwarmu da wanmu gida ɗaya suka rayu, yana ganin wa ake ajiye wa ƙashin miya mai tsoka. Ni tawa tana nesa da ni tafiyar yini guda. Mi za ta gani? Ba zan ce kishin ya tafi ba. Har yau in na ji "Mami" sai wani abu ya motsa mini. Amma na gane ba Zulai ce ta ɗauke mini kujera ba, ni na tashi na ba ta.

Da na idar da sallar asuba ban koma katifar nan ba. Na buɗe sito na jawo buhuna. Na yi ta murɗa murhun gas ɗin Zulai har ya kama. Na dafa taliyata, na tsane ta, na zuba sauran man gyaɗan da malamin Zariya ya bar mana, na barbaɗa yaji, na yanka albasa. Faranti ɗaya na ɗauko, babba. Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo na ajiye shi.

Sai na tsaya a gindin bene. Na ji kamar ranar da malamar ajinmu ta ce in tashi in karanta a gaban mutane. Na buɗe murya yadda nake kiran mai ruwa daga ƙarshen lungu.

"Nafisa!"

Zulai ce ta fara leƙowa, da carbi a hannu. Sannan ƙofar ɗaya ta buɗe, ta fito ba ko ɗankwali, tana dubana kamar ba ta san ni ba.

Na ce, "Nafisa, da ke nake. Sauko ki wanke hannu, tare za mu ci. Ki taho da wayarki, in mun gama ki kira mini Hajiya Sa'a. Jiya na gaya mata abin da ba shi ba ne, kuma gara ta fara tambayar hanyar Ƙofar Marusa tun yanzu."